Mai Bin Sawun Balbela

Takalmin makaranta ne ya mayar da ni wurin aiki a yammacin nan. Har mun yi nisa, muna tsaye cikin cunkoson motoci, na waiga kujerar baya don in ga ko 'yata ta farka. Tana ta barcinta, baki a buɗe, ƙafafu a miƙe, babu takalmi. Na ja tsaki. Shi kaɗai ne baƙin takalminta, malamarsu kuwa irin matan nan ce da za ta tsayar da yarinya a bakin aji saboda launin safa. Abbanta yana kantin maganin da yake aiki, ba zai tashi ba sai an rufe, don haka babu wanda zan bar wa ita. Na juya kan mota ina mita. Rana ta yi ja, ta kusa faɗuwa.

Shekararta shida a lokacin. Balbela muke ce mata, sunan da Abbanta ya laƙaba mata saboda dogayen ƙafafunta sirara. Yarinyar nan ba ta san tafiya miƙe ba. Daga ɗaki zuwa kicin sai ta yi tsalle, ta yi juyi, ta kewaya kujera, ta taɓo bango, sannan ta iso ta tambaye ka me ma aka aike ta. Na sha yi mata faɗa a kan haka har bakina ya gaji.

Ina aiki a wata cibiya mai binciken mutanen farko: daga ina suka taso, wace hanya suka bi har suka cika duniya. Ni ba masaniyar ƙashi ba ce. Nawa aikin shi ne na'urar ɗaukar hoto mai auna zurfi, wadda idan ta bi ta kan abu za ta fito da shi a kwamfuta har da tsagar da ido ba ya gani. Shi ya sa shugabanmu, Farfesa, yake ce mini Injiniya. Tsoho ne mai fara'a, zai tuna maka haƙorin da aka tono tun ba a haife ni ba, amma ya manta inda ya ajiye motarsa. Har yau ina jin haushinsa, kuma har yau na kasa ƙin sa.

A shekarar su Farfesa suka dawo daga tono da abin da ya fi ƙashi daraja a wurinsu, wato sawu. Dubban ɗaruruwan shekaru da suka wuce, wasu mutum biyu sun ratsa bakin wani tafki da ya daɗe da ƙafewa. Suka taka laka, toka ta zubo ta rufe, lakar ta zama dutse. Sawun babba da na ƙarama, gefe da gefe. Farfesa ya ce uwa ce da 'yarta, ko da yake ya gargaɗe mu kada wanda ya faɗa a waje. Damina ta matso, ruwa zai cinye wurin, sai suka yanka dutsen da zarto gunduwa-gunduwa, suka lodo shi a mota, suka jera shi a ƙasan babban ɗakin bincike yadda yake a can. Sawun ya ƙare a inda zarto ya tsaya. Sauran yana ƙarƙashin tudu, sai wata shekarar.

Abu ɗaya ne ya hana Farfesa sakat. A tsakiyar kowane sawun ƙaramar akwai wani rami zagayayye mai zurfi, kamar an dangwala kan taɓarya. Babu shi a sawun babbar, babu shi a gefe. A na yarinyar kaɗai yake, kuma bai tsallake ko ɗaya ba. Ɗalibai suka ce kofaton dabba ne, wani ya ce sanda ce. Farfesa ya ce wace dabba ce za ta bi yarinya taku bayan taku ba ta taɓa kuskurewa ba? Ya ce wataƙila ita lakar ce haka take lotsawa a ƙarƙashin ƙafar yaro, kuma hanya ɗaya ce za a gane.

Haka ake yi a wannan aikin. Ana haɗa dogon kwami na katako, a cika shi da laka, a sa mai rai ya taka babu takalmi, sannan a gwada da na dutse. Don lakar ta zama iri ɗaya, da ƙasar can wurin suka kwaɓa ta, wadda suka zo da ita a buhuna. Don na'urata ta ɗauke su a zubi ɗaya, sai aka manna bakin kwamin da gunduwar dutsen ta ƙarshe, ko allura ba za ta shiga tsakani ba. Saura yarinya mai irin ƙafar. Da motar makaranta ta sauke mini Balbela a ofis kamar kullum, Farfesa ya dube ta, ya dubi dutsen, ya ɗauko ma'auni.

“Amaryata, zo ki taimaki tsohon mijinki.”

“Ni ba na son mai furfura,” in ji ta, tana cire takalmi tun ba a ce ta cire ba.

Aka yi dariya, har da ni. Ya kama hannunta ya kai ta bakin kwamin, ya nuna mata ƙaramin sawun ƙarshe a kan dutsen.

“Kin ga inda wannan yarinyar ta tsaya? Ke za ki ƙarasa mata tafiyar. Fara daga nan.”

Ta taka. Ranar ce kaɗai na taɓa ganin ta yi tafiya miƙe, tana ƙyalƙyala dariya saboda lakar na shiga tsakanin yatsunta. A ƙarshen kwamin wani ɗalibi ya sunkuce ta, ya kai ta famfo ya wanke mata ƙafa, ya ɗora ta a kan tebur da biskit a hannu. Nan barci ya kwashe ta. Na bi da na'ura. Sawunta ya fito tsaf, yatsu da dunduniya, babu rami ko ɗaya. Farfesa ya sosa ƙeya ya ce, “To, ba lakar ba ce ke nan.” Kowa ya watse. Na ɗauke ta tana barci na sa a mota, shi ya sa ban lura da ƙafarta ba.

Da na dawo, ƙofar harabar a buɗe take. Kujerar maigadi babu kowa, rediyonsa na magana shi kaɗai a ƙasa. Balbela ta farka da na kashe mota. Na saɓe ta a kafaɗa saboda tsakuwa, na buɗe ginin da makullina, na dire ta a kan tayil ɗin korido. Sanyin tayil ya yi mata daɗi. Ta ruga gaba da irin tafiyarta, tsalle nan, juyi can, ta taɓo tukunyar kashe gobara da ke jikin bango, ta dawo tsakiya, ta shige ɗakin binciken da ke can ƙarshe. Ƙofa ɗaya gare shi. Tagoginsa duk da ƙarafa.

Wari ne ya fara tarbar ni. Na san warin lakar kwamin, tun safe nake shaƙar sa. Wannan daban ne. Warin ruwan da ya daɗe a kwance, da ruɓaɓɓiyar ciyawa, da wani ɗan ƙauri kamar an kashe ashana yanzu.

Ban kunna fitila ba. A aikinmu idan ana son ganin sawu da kyau ba a haska shi daga sama, kwantar da fitila ake yi a ƙasa, inuwa ta cika duk inda ya lotsa. Ranar da ke faɗuwa ta shigo ta taga ta yi mini wannan aikin. Idona ya bi dutsen, ya tsallaka cikin kwamin.

A tsakiyar kowane sawun 'yata akwai rami.

Na ce a raina ɗalibai ne, shaƙiyyai, sun samo sanda suna tsokanar tsoho. Na matsa kusa. Babu alamar hannu a bakin katakon, babu ɗigon laka a ƙasa. Na sunkuya a kan na ƙarshe. Gefensa yana zubewa a hankali, ruwa yana tsattsafowa a cikinsa. Duk abin da ya yi shi, yanzun nan aka zare.



“Balbela,” na ce a hankali. “Zo mu tafi.”

Tana can ƙarshen ɗakin, tsakanin dogayen kantocin da muke jera ƙoƙunan kai na filasta. Ina jin ta tana 'yar waƙarta.

“Na ga ɗaya, Mama! Saura ɗayan.”

“Bar shi. Zo.”

Sai na ji shi.

Dum.

Daga nesa ya zo, can bakin ƙofar gini, daidai inda na dire ta. Abu mai nauyi ne ya sauka a ƙasa. Bayansa wata 'yar ƙara, ƙas, ta tayil da ya tsage.

“Baba maigadi?”

Rediyon ma na daina jin sa.

Dum. Dum.

Na tsaya ina saurare. Ba takun babba ba ne. Sauri, sauri, a tsaya. Biyu a haɗe. A ɗan juya. Sauri kuma. Na san wannan tafiyar, shekara shida ina jin ta a tsakar gidana. Tafiyar 'yata ce, amma da nauyin da ya fi na bijimin sa.

Na leƙa koridon. Duhu ya fara shiga, amma ana gani. Babu kowa. Tayil ne kawai ke fashewa ɗaya bayan ɗaya, hagu, dama, ya karkata wajen bango inda tukunyar kashe gobara take, ya dawo tsakiya.

Yana zuwa.

Ina tsaye a gefen ƙofa ya shigo. Sanyi ya shafe ni tun daga kunci har gwiwa, warin ya cika mini maƙogwaro. Tayil ɗin da ke gaban yatsuna ya tsage. Bai tsaya ba. Ko ta kaina bai bi ba.

Ya nufi teburin farko, ya fara kewaya shi.

Nan hankalina ya dawo. Balbela ta kewaya teburin nan da ta shigo. Ta kewaya na biyu ma. Ta je wajen famfo, ta leƙa ƙarƙashin kujeru. Duk inda ta taka sai ya taka. Wannan tafiyar tata da nake yi wa faɗa, ita ce ta ba ni lokaci.

Na yanke kai tsaye. Na bi ta kan dutsen nan da ko da safar hannu ba a yarda a taɓa shi ba, na haure kwamin, na faɗa lungun kantoci. Tana durƙushe tana leƙen ƙasan kanta. Na fizge ta sama. Takalmin ya faɗi.

“Mama, kin ji mini ciwo.”

“Yi shiru. Naɗe ƙafarki a jikina. Kada ki sauke.”

Na juya zan fita.

Dum, a bakin lungun.

Lungun ba ya ɓullewa, bango ne a bayana. Na ja da baya har na jingina da shi. Tsakanina da inda ta durƙusa bai kai tsawon hannu ba.

Dum.

Ƙoƙunan da ke kan kantoci suka fara rawa, haƙoransu na filasta suna haɗuwa.

Dum.

Ya tsaya.

Sauran hasken rana ya rage ɗan siriri a jikin kanta. A cikinsa na ga inuwa, alhali babu abin da ya yi ta. Doguwa ce, a naɗe gida biyu, kan yana ƙasa dab da tayil. Kan yana kaiwa hagu, yana komowa dama.

Shinshina yake yi.

Ina jin numfashinsa a kan idon sawuna, mai sanyi, mai danshi. Na buɗe baki zan yi addu'a, harshena ya manne. A zuci na yi ta, ina rikita farko da ƙarshe.

Sai aka fara wani sauti. Muryar mace ce, ƙasa-ƙasa, babu kalma ko ɗaya a ciki. Irin sautin da uwa ke yi idan tana lallashin yaro ya taho gare ta.

Jikin Balbela ya saki.

“Mama, sauke ni,” ta raɗa mini a kunne.

“A'a.”

“Tana jira na.”

“Wa?”

“Ta ce ta daɗe tana bi na. Ta gaji.”

Ta fara zamewa. Ƙafarta ɗaya ta kwance daga ƙuguna. Na cafke ta, na tattare gwiwoyinta biyu a ƙirjina, na matse har ta yi ƙara. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, kuma ban taɓa jin fushi irinsa ba.

Na manna bayana da kanta. Na fara jan jiki gefe-gefe.

Cinyata ta gogi wani abu, kamar jiƙaƙƙen bargo da aka rataye. Wurin ya mutu nan take.

Kafaɗata ta ture wani ƙoƙon kai. Ya faɗi ya tarwatse.

Bai waigo ba. Ba ya ji, ba ya gani. Sawu kawai ya sani.

Na fita daga lungun. Na ga ƙofa. Na zuba da gudu.

Wayar na'urata ce ta harɗe ni, wadda ni da kaina na shimfiɗa da safe. Na tafi ƙasa da gwiwa da gwiwar hannu. Na riƙe ta, ban sake ta ba. Amma dunduniyarta ta dama ta bugi ƙasa.

Dum.

A bayana. Babu tazara.

Aka ja ta.

Na ji an ja ta daga hannuna kamar ana zare zare daga allura, a hankali, babu gaggawa. Ba ta yi kuka ba. Idonta a buɗe, tana murmushi.

Na cije rigarta da haƙori. Na mirgina na kwanta rigingine, na ɗago ta a kan ƙirjina, na tura ƙafafunta sama da dukkan ƙarfina.

Wani abu ya saki.

Numfashin yana kan fuskata. Sautin ya koma wani siririn kuka.

Da baya na ja jiki har bakin ƙofa. Na miƙe. Takalmana sun fita ban sani ba. Na bi koridon nan a kan fasassun tayil, suna yanka ni, ban ji ba sai daga baya. A harabar na ci karo da maigadi yana dawowa, hannunsa a jiƙe.

“Ranki ya daɗe, lafiya? Jini ne a ƙafarki!”

Na jefa ta kujerar baya, na ce idan ta sauke ƙafa sai na yanka ta. Ban taɓa gaya mata irin wannan maganar ba. Sai a lokacin ta fashe da kuka, ni kuwa kukan ya yi mini daɗi.

A dunduniyarta akwai tabo zagayayye, launin toka, mai tauri, mai sanyi. Har yau yana nan. Likitoci sun ɗauki hotonsa sun ba shi sunaye, ba wanda ya yi daidai da na wani.

Abbanta bai yarda ba. Mutumin kirki ne, amma duk abin da ba shi da kwali da takardar bayani a ciki ba ya shiga kansa. Ya ce firgita ce, ya ba ni ƙwayar barci. Da safe ina kwance ya sauke ta daga gado, ta yi tsallenta zuwa banɗaki, ta zaga gidan yadda ta saba. Wuni guda lafiya lau, har ya fara yi mini dariya. Da rana ta yi ja, warin ya shigo. Simintin gefen gadonta ya tsage. Shi da kansa ya sure ta, ya fita da ita titi babu ko riga a jikinsa.

Mun gwada takalmi mai kauri. Mun gwada darduma, mun gwada bene, mun gwada wani garin. Duk ɗaya. Duk inda ta sa ƙafa, idan rana ta zo faɗuwa daga nan zai fara. Idan ba ta taka ba, ba ya zuwa. Addu'a kuwa babu irin wadda ba a yi ba, kuma ba mu daina ba. Kakarta ta wajen uba ta ce matattu ba sa dawowa, wannan kuwa ba matacce ba ne, ba mutum ba ne tun asali. Ta ce a cikin waɗanda suka riga mu zama a duniya akwai masu nacin da shekaru ba sa gajiyar da su.

Na bar aiki. Muka saya mata keken guragu. Maƙwabta suna tausaya mana, suna kawo sunayen asibitoci, muna godiya. Wa zan gaya wa cewa ƙafafun nan lafiyarsu ƙalau? Ni nake ɗaukar ta zuwa wanka, ni nake kai ta gado. Da dare muna kwana da ita a tsakiya, hannuna a kan gwiwarta. Yanzu ta kai shekara tara, ƙafafun sun ƙara sirancewa, kuma ta daina tambayar yaushe za ta warke, don ta san ba ciwo take yi ba.

A cibiyar an ce ƙasan ginin ne ya zauna, aka sake tayil. Sai kwanan baya na ji sallama, na buɗe na ga Farfesa. Ya rame, ya tsufa da gaske. Ya hango Balbela a kekenta bakin taga, ya buɗe baki zai yi tsokanar da ya saba, ya fasa. Ya ƙi zama. A bakin ƙofa ya tsaya, yana murza hularsa.

“Mun buɗe sauran sawun, Injiniya.”

“Ba na son ji.”

“Na sani. Amma ke ya kamata ki ji kafin kowa.”

Na janyo ƙofar a bayana don kada ta ji.

“Kaɗan gaba da inda muka yanka, sawun yarinyar ya ɓace,” in ji shi. “Na uwar ya ƙara zurfi. Goya ta ta yi. Ramukan ma suka tsaya.”

“Ta gane ke nan.”

“Ta gane. Ta yi tafiya mai nisa da ita, har mun gaji da bi. Kullum takun yana ƙara gajarta, tana jan ƙafa. Sannan akwai inda ta zauna. Shaidar zamanta na nan, da inda ta kishingiɗa. Ina jin barci ne ya sace ta.”

Ya tsaya yana ta murza hular. Na ji kamar in shaƙe shi.

“Sai me, Farfesa?”

“Sai ƙananan sawun suka dawo.”

“Faɗowa ta yi? Gudu take yi?”

Ya girgiza kai.

“Na auna tazarar da kaina, na sake aunawa. Ba gudun tsoro ba ne. Tsalle take yi, tana juyi. Wasa take yi, Injiniya. Da kanta ta sauka.”

Idonsa ya cika da ƙwalla.

“Ramukan suna cikinsu. Daga wani wuri kuma ramukan kaɗai suka ci gaba, sun fi na baya zurfi. Sawun uwar yana ta kewaya wurin, a kan juna, a kan juna, har ba a iya rabewa.”

Ashe ya gama da waccan tun duniya tana ɗanya. Mu ne muka kwaɓa masa lakarsa, muka shimfiɗa masa sabuwar hanya, muka nuna masa wata. Ban faɗa wa tsohon haka ba, na ga ya riga ya sani. Ya tafi yana neman motarsa a inda bai ajiye ta ba.

Na koma ciki. Bayana yana ciwo, idanuna kamar an zuba yashi, don na manta rabon da in yi barcin kirki. Balbela tana bakin taga. A waje yaran maƙwabta suna tsallen igiya, suna ihu. Ta zame ƙafarta ta hagu daga matakin keken. Babban yatsanta yana lilo, saura ƙiris ya taɓa ƙasa, yana bin bugun igiyar.

“Ɗaga ƙafarki,” na ce.

Ta ɗaga kaɗan. Ba ta waigo ba.

“Mama, kin gaji sosai,” in ji ta, da murya mai taushi. “Je ki ɗan kwanta mana. Ba zan sauka ba.”

Idonta yana kan yaran. Yatsan bai daina rawa ba.